Gwiwar da Na Gada

Laraba da dare, unguwar Manfuha

Na kasa cin tuwon da 'yan ɗaki suka ajiye mini. Yau na kai Baturen Ingilan nan da nake tuƙawa a kamfani wajen sabunta igama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Layi ɗaya muka bi, shi ma riƙe da takardar kafilinsa, mai tsaya masa a ƙasar, kamar kowane lebura. A hanyar dawowa ya cika mini kunne da ƙorafi. Wai ƙasarsu ta lalace, albashi ba ya kai ƙarshen wata, shi ya sa ya fito ci-rani. Wai kuma mutanen Sikotland na neman ɓallewa. Har da tambayata, "Sani, ta yaya mutane za su yarda a raba ƙasa ɗaya?"

Ni yake tambaya. Su da suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi ba su nemi shawarar kowa ba, suka mai da ƙanen kakana baƙo. Kakan nan nawa har ya rasu yana ba mu labarin yadda ake tuɓe takalmi a durƙusa a ce "Zaki" idan Bature zai wuce.

Amma ba Baturen ne ya hana ni cin abinci ba. Da muka isa unguwar Murabba na buɗe masa ƙofar mota, sai na ji gwiwata ta rusuna da kanta, bakina ya ce "ranka ya daɗe". Ko Hausar ba ya ji.

Daularsu ta rushe, jikansu na bin layin igama, amma a gwiwata har yau su ke mulki. Tir da ni.