Sai a Gidan Suna Na Ji

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Safiyya da jikata Ikilima, kuma aikin asibitin naku na Alƙahira yana tafiya daidai. Allah Ya tsare ku, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan Wudil lafiya lau. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har ya koma shiga kasuwa ranar Juma'a. An yanke geron gonar Achika, ƙanwarka Radiyya kuma ta gama jarrabawa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Kai ne ɗan fari, ba na kiran sunanka, ba na zaman hira da kai, in ka bugo waya mu gaisa in miƙa wa babanku. Haka na taso na ga ana yi. Tun da aka yaye ka aka kai ka Indabo wajen Goggonka Hafsatu, ban taɓa cewa uffan ba. Amma yau kam abin ya tsaya mini a wuya.

Ranar Asabar na je suna Lajawa. Ina shiga mata suka taso mini da barka, wai ɗana ya samu makarantu har biyu na ƙaro karatu a kan kiwon lafiyar al'umma. Wata ta tambaye ni wacce ka zaɓa, ta Ingila ko ta Amurka. Ni kuwa ko labarin ban taɓa ji ba! Na yi murmushi na sunkuyar da kai, sai suka hau yabona, wai kunyar ɗan fari ce. Wallahi ba kunya ba ce, rashin sani ne. Goggonka kuwa tana tsakiyar tabarma, ta ture ɗankwali gaban goshi, tana ta zuba bayani cewa kullum sai ka kira ta kun yi shawara. Ita da ko sunan makarantar ba ta iya faɗa daidai ba, ni kuma da na tsufa ina koyarwa a firamare ina gefe ina sauraro kamar baƙuwa.

Da na dawo gida na tsare Radiyya. Ashe ita ma ta sani. Ta ce ta Ingila shekara ɗaya ce, a kan bin diddigin yadda cuta ke yaɗuwa cikin jama'a. Ta Amurka shekara biyu ce, a kan tsara harkar asibitoci, kuma kana tunanin a can za ka samu sukunin rubuta jarrabawar da ke ba likitan da ya yi karatu a wata ƙasa izinin duba marasa lafiya. Ta ce Goggonka ta tsaya a kan Amurka, har ta sa Malam Haladu ya yi istihara, kuma ƙarshen watan nan za ka ba su amsa.

Kishi nake yi, na faɗa, ba zan ɓoye ba. Hafsatu ta riƙe ka da amana, ba na cin hakkinta, Allah Ya saka mata. Amma haba, Likita! Don na yi kawaici shi ke nan sai aka ɗauka ba ni da baki? In da ka tambaye ni, da na ce raina ya fi kwantawa da gajeren, domin wanda ya samu izinin aiki a can da wuya ya waiwayo gida, kwalara kuwa in ta tashi da damina a nan take ɗibar mutane. Amma kai ka san aikinka, ba zan ɗaure maka hannu ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo. Duk wadda ka zaɓa, ka fara kiran wayata, ni zan fara ji. Ba zan miƙa wa babanku ba.

Ka gaida Safiyya, ka shafa mini kan Ikilima. Babanku da Radiyya da ƙaninka Jamil suna gaishe ku. Goggonka kuwa ba sai na isar da gaisuwarta ba, ka fi ni jin muryarta.

Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri.

Mahaifiyarka,
Mairo