Karan Gonarmu da Shanun Baffa Maikano

Juma'a, 13 ga Nuwamba, 1959
Bayan an sauko daga masallaci a Kiru, sai ga motar ɗan takarar majalisar Ikko, da lasifika a kanta. Wai idan aka zaɓi abokin hamayyarsa doka ta mutu, Fulani za su kora shanu cikin dawa tun ba a girbe ba, wanda ya ce tak a sare shi. "Ni kaɗai zan tsare ku!" Ni dariya ma ta kama ni. Ƙanena Ɗanasabe bai yi dariya ba.

Talata, 17 ga Nuwamba
Aikin allurar shanu ya kai ni wata ruga a Tudun Wada. Ga motar nan kuma! Mutumin nan, ko hula bai sake ba, ya ce wa Fulani manoma sun ƙulla toshe burtali da mashaya, kuma shi kaɗai zai tsare su. Wallahi da kunnena na ji.

Baffa Maikano na wurin, aminin marigayi babanmu. Shekara talatin ke nan, da mun kwashe dawa zai sauka a gonarmu, shanunsa su ci kara su bar mana taki, mu ba shi dami uku. Gonar nan jigawa ce, ba takin ba komai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Rufa'i, gaskiya ne?" Na ce, "Baffa, ran Juma'a kai ya ce za ka sare ni." Ya yi dariya, amma gajeriya.

Alhamis, 19 ga Nuwamba
Na gaya wa Ɗanasabe abin da na ji. Ya ce, "Yaya, kai kullum kana cikin shanu, dole ka kare su." Ya ciro bakan babanmu daga rumbu.

Litinin, 23 ga Nuwamba
A Bebeji, an ce, ɗan takarar nan ya faɗa wa fatake babu ƙasa mai zaman lafiya irin tamu, albarkacinsa. To wanne ne? Oho.

Alhamis, 26 ga Nuwamba
Matata Suwaiba ta ce yau kwana biyar ba mai tallan nono da ta shigo unguwa. Fura da ruwa muka sha. Ta ce an kashe mutum a Doguwa. Na ce wa? Ba ta sani ba. Kowa ya ji, ba wanda ya gani. 

Alhamis, 3 ga Disamba
Innalillahi. Da la'asar garken Baffa ya iso, wata karsana ta ɓalle ta shiga dawar da ba mu gama yanka ba. Abin da bara sai dai a kore ta da tsawa. Ɗanasabe ya ɗirka mata kibiya a cinya. Na bi ta har ruga da akwatin magani. Na cire kibiyar, na wanke ciwon. 'Ya'yan Baffa biyu na tsaye a kaina, kowanne da takobi. Tare muka tashi da su, ban taɓa ganinsu da abin da ya wuce sanda ba. Baffa ya ce, "Dabba ce, za ta warke." 

Ina jin tsoro. Na rubuta don kada gobe in yi musu.

Litinin, 7 ga Disamba
Karsanar ta mutu.

Asabar, 12 ga Disamba
Zaɓe. Na shiga rumfar ni kaɗai, akwatuna a jere. Na daɗe, har ɗan doka ya yi gyaran murya. Ba zan rubuta inda na jefa ba.

Laraba, 16 ga Disamba
Mutumin nan ya ci. Motar ta zagaya da makaɗa, yana cewa manomi da makiyayi uwa ɗaya uba ɗaya, duk mai yaɗa tsoro maƙiyin ƙasa ne. Aka yi ta guɗa. Kai, jama'a!

Lahadi, 20 ga Disamba
Mun kwashe damin ƙarshe jiya. Da hantsi Baffa ya zo shi kaɗai, ba ko sanda. Muka gaisa a zaure. Bai ta da maganar karsana ba. Ya ce, "Ɗana, gona ta yi fili. Gobe in shigo da su?"

Na ce, "Baffa, a bari sai baɗi."

Ya dube ni. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya sa takalmansa.

Saboda Ɗanasabe na faɗa, kada a sake samun tsautsayi. Haka na ce wa Suwaiba. Ta ce ai Ɗanasabe ya tafi cirani tun asuba, kuma ni na raka shi bakin hanya.

Na san ƙarya mutumin nan ya yi, ni na ji bakinsa biyu. Amma da Baffa ya fita, sai da na leƙa in ga ko da wani a bayansa.