Katin da Ya Sha Zafi

Zuwa ga aminina Tajuddin, wanda duk Fagge ke kira Taju,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta mai rai ga wanda ya riga shi, ina roƙon Allah ya sa makwancinka ya fi ɗakinmu sanyi. Na san ba za ka karanta ba. Masu leƙe su karanta, su zama shaida.

Jiya yayanka Razak ya zo kan maganar kwamfutarmu ta wasan gem. Ya ce za a raba gado, kuma an shaida masa ɗaya daga katunan girafik biyun da ke cikinta, masu fitar da hoto, naka ne. Gaskiya ya faɗa. Amma ka san bakina. Na tambaye shi ko ya san bambancin kwamfuta da rediyo da zai zo ya farke mata ciki. Bai rama ba. Cewa kawai ya yi ba nasa ba ne, na 'yarka Maryam ne da uwarta. Da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Ka tuna ranar da muka ɗauko su a shagon Oga Chinedu a Sabon Gari? Na hannu ne, amma ya rantse tagwaye ne, don idan ba iri ɗaya ba ne ba sa aiki tare. Ɗaya naka, ɗaya nawa. Muka rungume su a cikin adaidaita sahu kamar masu dawowa daga asibitin haihuwa, direba na ta tambaya ko gwal ne.

Ni da na bar makaranta a aji uku na sakandare, sati biyu na yi da ƙamus a cinya ina haƙar littafin madabod, wato allon da ake soke katunan a kai. Duk da haka sai da muka ƙone fawa guda, wato na'urar da ke raba wa kwamfutar wuta, don ban gane kati biyu cin wutar mutum biyu suke yi ba. Ka kalli hayaƙin ka ce, "Malam ya yi fassara, jama'a a yi ta kai."

Ranar da muka ɗaura 'yar igiyar da ke haɗa su, hoto ya fito a babban sikirin ɗin nan har ana ƙirga ganyen ciyawa, mota na gudu ba ko tsayawa. Samarin layi suka cika ƙofa. Kai ko kallo ba ka yi ba, tafin hannunka na kan akwatin kwamfutar kana jin ɗumi.

Kai ka fara gano cewa na sama ya fi wahala. Na ƙasa yana tare masa iska, kuma duk zafin da ya fitar sama yake tashi. Na ce mu riƙa sauya musu wuri duk wata. Ka ƙi. Ka sa naka a sama ka ce, "Babba shi ke tare rana." Wata huɗu kacal ka girme ni, Taju.

Shekara uku ke nan. Yanzu fankar naka kuka take, kuma idan aka daɗe ana wasa sai ya fara watsa ɗigo-ɗigo a hoto. Nawa garau yake kamar jiya aka saye shi.

Bayan Razak ya tafi na ɗauko ɗan littafin hukuncin gado da na taɓa saya a bakin masallaci, ina neman ƙofar fita. Na same ta kuwa. Naka ne nasu, kuma naka shi ne gajiyayyen. Ba alƙalin da zai kama ni. Razak bai ma san akwai sama da ƙasa ba.

Amma ni na san wa ya gajiyar da shi. Zafina ya sha.

Yau da hantsi na kwance su duka biyun. Na goge lafiyayyen, na naɗe shi a ledarsa ta asali, na kai gidanku. Na durƙusa na ba Razak haƙuri a gaban Iya mahaifiyarku, abin da ba ka taɓa ganin na yi ba. Ban gaya musu na musanya ba. Kai nake gaya wa, don kada ranar tsayuwa ka ce na riƙe maka kaya ba izini.

Naka yana nan shi kaɗai a akwatin. Na rage ƙarfin hoton, ciyawar ta koma kore kawai, ba ganye. Fankar tana kukanta, ni kuma na daina yi mata tsawa. Igiyar haɗin ba ta da sauran aiki, tana aljihuna.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya raya Maryam bisa tafarki. Allah ya sanya ka a inuwarsa ranar da babu wata inuwa, kai da ka saba tare wa wani rana. Ni kuma ya shirya min harshe.

Ƙaninka na wata huɗu,
Nazifi