Shamuwar da Na Gani a Al Qudra

Assalamu alaikum Yaya Halliru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara wa Inna Mero sauƙin ƙafa, ya jiƙan Baba. Ni ma lafiya lau, aiki a sito na Jebel Ali, nan Dubai, yana tafiya yadda ka sani, a ɗauki kaya a ajiye kaya. Saƙonka ya iso, na ji ka ce in ban dawo daminar bana ba, za ka ba maƙwabcinmu Zainul Abideen aron gonar Baba. Ban amsa da wuri ba don ban san me zan ce ba. Kai ma ka san aron gona a garinmu, da ta kwana damina uku a hannun mutum sai an je gaban mai gari kafin ta dawo.

Ranar Lahadi Clement, wani mutumin Kafanchan da muke ɗaki ɗaya, ya ja ni tafkunan Al Qudra, can cikin rairayi, wai kallon tsuntsaye. Na yi ta yi masa dariya, mutum da gemunsa ya bar hutu ya tafi leƙen tsuntsu, ba harbi ba, ba tarko ba. Ya ce in yi shiru in taka, yanzu ne suke wucewa kafin zafi ya kama sosai. Rana da ɗumi amma iska na kaɗawa, ciyawa ta ɗan yi kore a bakin ruwa. Muka ga belbela, muka ga alhudahuda yana tonon ƙasa da tukkunsa, Clement na ta rubutu a ɗan littafinsa kamar malamin asibiti.

Sai na hango wata baƙar tsuntsuwa mai fari a cikinta tsaye ita kaɗai a gefen ruwa. Yaya, nan take na ce shamuwa ta sauka, kuma kafin in ankara na ɗaga kai gabas ina neman hadari, ina lissafin ba mu share gona ba, ba mu kai taki ba. A Dubai fa. Clement ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya ce ba tamu ba ce, 'yar uwarta ce mai jan baki, arewa za ta, kuma ko ta shekara a nan ruwa ba zai zo ba. Na duba, gaskiyarsa ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kunya ta kama ni, sannan baƙin ciki.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Shekara shida ke nan ban riƙe fartanya ba, amma ashe jikina bai daina jiran damina ba. Jiya manaja ya ba ni takardar sabunta kwantiragi ta shekara biyu, ya ce khalas, wato shi ke nan, in sa hannu kawai. Na karanta sau uku, na mayar masa ba hannuna a kai. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, don ban san ko gonar za ta riƙe ni da matata Hadijatu da yara ba. Amma kada ka ba da gonar. Ka ba Zainul Abideen haƙuri, ka ce mai ita yana hanya.

Ka gaishe da Hadijatu, ni zan faɗa mata da bakina. Ka gaishe da Kawu Ibrahim da mutanen gida duka. Inna Mero kuma ka ce mata kada ta daka geron irin da Baba ya bari a rumbu.

Ƙaninka,
Nasrullahi