Damin dawar da nake aikawa duk kaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi tsoro ya hana ni ko cin abincin kirki.

Ni malamin makaranta ne a Malumfashi. Shekarun baya na sayi gona a bakin titi wajen Dayi a hannun wani Alhaji, aka yi takarda gaban mai unguwa da shaidu, na ce ai magana ta ƙare. Ranar da muke zagaya iyaka Alhajin yake ce mini in an yi girbi in riƙa aika damin dawa ɗaya gidan wani tsoho Bamaguje da ke ƙetaren rafi, wai haka mahaifinsa ya saba. Ni kuma ga son a ce mutumin kirki ne, na ɗauka sadaka ce, ban tambaya ba, har da ƙarin masara nake haɗawa.

Bara na yanka gefen titin fuloti-fuloti. Yayata, wadda mijinta ya rasu, ta sayar da shanun marayunta ta sayi ɗaya, saboda ni na rantse mata wurin ba shi da rigima. Yanzu gininta ya kai linta.

Makon jiya sai ga tsohon da kansa, ya tsaya yana kallon bulo, ba faɗa ba zagi. Ya ce gonar kakansa ce, aro aka ba mahaifin Alhajin ya noma, damin kuwa shi ne shaidar cewa gona tana da mai ita, ba a yi da su za a yi gini ba. Na ce ai saye na yi. Ya ce, "Malam, in taka ce, me ya sa kake aiko mini da dami duk kaka?"

Alhaji ya daina ɗaukar wayata. Mai unguwa ya ce shi ciniki ya shaida, ba asalin gona ba. Wani lauya abokina ya ce in an je kotu, damin nan zai iya zama hujja a kaina.

Ga dawar bana an yanke, damin yana jingine a zaurena. In na aika na amsa tasa ce, in na ƙi na ja shari'a. Yaya kuma ba ta san komai ba, ɗazu ta kira wai in raka ta Funtuwa sayen kwanon rufi. Jama'a, in raka ta, ko in faɗa mata?