Atishawa Cikin Rijiya

Lahadi da dare, Tawa.

Yanzu munka komo daga Bambeye. Bayana na ciwo, amma dariya ta hana ni kwana.

Illa, shugaban 'yan wasan kwaikwayonmu, ya rantse in wasan da na tsara bai riƙe mutane ba yau, an jefar da shi ke nan. Wai wa zai kalli mutumin da ba ya motsi? A wasan ni ne mai haƙar rijiya, na duƙe cikin tano, wato gangar da munka mai da rijiya, ina jin ana kashe abokin aikina a sama, igiyata kuma tana hannun mai kisan, wato Illa. Bai san ina ciki ba; in na yi kuwwa, ya yanke ta.

Fili ya yi tsit. Ashe tanon da na aro a kasuwa na mai barkono ne. Atishawa ta kuɓuce mini.

Illa ya daskare, ya leƙo. Na ce a raina wasa ya mutu. Sai wata tsohuwa cikin 'yan kallo ta miƙe: "Kai ɗan nan, akuyata ce! Ba kowa cikin rijiyar nan, wuce abinka!"

Ya kuwa wuce.

A mota ya ce gobe in sake atishawar a Kalfu. Na ce mishi barkono ina da shi, tsohuwar ce za mu nema.