Rular da Ta Fi Sauran Tsawo

Falkirk, 9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Ishbel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya gwiwar? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun da ya fara riƙe alƙalami yana da shekara arba'in.

Albishirinki. An ba jikata Morven aikin zuba sababbin kawunan indararo na ƙarfe guda goma sha biyu na tsohuwar makarantar bakin gada, inda na yi ajin yamma. Masu kula da tsofaffin gine-gine sun ce ta fara kawo guda ɗaya. In ya zauna daidai a kan bututun da ke bango, aiki nata ne. In bai zauna ba, su kai wani gari. Ita kuwa ta rantse in wannan ya kuɓuce za ta rufe maƙerarmu ta tafi Aberdeen.

Ga laifina. Na ga ta ɗauki tsohon kan indararon, mai furanni da shekarar 1887 a goshinsa, ta danna shi cikin yashi don ta sami siffarsa. Na san ƙarfe yana tsukewa in ya huce, sabon zai fito ƙarami. Na yi shiru. Haka maigidana da ya koya mini sana'ar ya yi mini: sai ka ɓata zubin farko da hannunka kafin a buɗe maka baki.

Jiya ta hau tsani da sabon kan, ya ƙi shiga. Ta sauko ta ce, "Tsoho, ka sani ko?" Na ce na sani. Tun lokacin ba ta yi mini magana ba, ko shayin da na haɗa ba ta taɓa ba. Saura kwana takwas a zo dubawa. Ban damu ba, na san hannun yarinyar nan.

Yayanki,
Murdo

Falkirk, 18 ga Afrilu

Ishbel ƙanwata,

Ina gaishe ki, a gaida mutan gida. Wasiƙarki ta iso, na kuma karɓi faɗan. Kin ce ni mugun tsoho ne. Ji ƙarshen labari tukuna.

Na ajiye mata tsohuwar rulata a kan teburin aiki. Rular masu zubi ce, kowace ƙafa ta awonta ta ɗara ta sauran ruloli da ɗan kaɗan, daidai abin da ƙarfe zai tsuke. Ta ɗora ta kusa da tata, ta daɗe tana kallo. Kwana huɗu ta yi tana sassaƙa samfurin katako da ita, fure bayan fure. Ranar zubi ta ce, "Kaka, riƙe mini wancan gefen, in ba ka tsufa da yawa ba." Na riƙe.

Jiya aka duba. Sabon kan ya zauna kamar a nan aka haife shi. Aka kuma yi sa'a ruwa ya sauko, muka tsaya a ƙarƙashin tagar ajina muna jin sa yana gangarawa cikin ƙarfe. Ma'aikaciyar masu kula da gine-ginen ta sa hannu takardarta na jiƙewa. Goma sha ɗaya suka rage, Aberdeen kuma sai dai ta nemi wata.

Da muka koma gida Morven ta tsaya a ƙofar kicin, inda nake zana tsawonta kowace shekara tun tana ƙarama. Ta tambaye ni da wace rula nake auna ta. Na nuna tsohuwar rulata, wadda yanzu ke aljihunta. Ta ce, "Wato duk shekarun nan ka cuce ni rabin inci?"

Na ce mata e, ta fi yadda na rubuta tsawo. Na daɗe da sanin haka.

Ki kula da gwiwar nan. Ki zo da bazara, ruwa ba ya yanke mana a nan, ki ji shi da kunnenki.

Yayanki mai farin ciki,
Murdo